Tuba ko Wanki: Yadda Masu Karatu ke Gyara Halin Ƙananan Taurarin da Ba a So

1. Gabatarwa

Kusan kowane ƙagaggen labari yana da mutanen da marubuci ya ajiye a gefe domin mai karatu ya ƙi su: yaro mai cin zali, budurwa mai iyayi, dattijuwa mai baƙin ciki da arzikin wani. Ba a ba su fili mai yawa, ba a kuma buɗe zukatansu. Aikinsu kawai su tsaya kusa da babban tauraro domin kyan halinsa ya ƙara fitowa. To amma a cikin shekarun da suka shige an sami ɗimbin masu karatu, galibi a ƙasashen da ke magana da Ingilishi, waɗanda ba su yarda da wannan rabo ba. Sukan ɗauki irin wannan ƙaramin tauraro su rubuta masa sabon labari, su bi shi daga mugun hali har ya zama mutumin kirki.

Manufar wannan takarda ita ce a auna irin waɗannan labarai da ma'aunin harshe. Abin da za a nuna shi ne, gyaran halin tauraro aiki ne da ake yi da nahawu tun kafin a zo ga jigo, watau da zaɓen wanda ke gani, da wanda ke aikatawa, da lokacin aikatau. Daga nan ne ake iya rarrabe labarin da ya nuna tuba ta gaskiya da wanda ya wanke mai laifi kawai.

2. Asali da suna

Ɗora sabon labari bisa tsoho daɗaɗɗen abu ne, amma a sigarsa ta yanzu ana danganta shi da masu kallon wasan talabijin na Star Trek a Amurka, waɗanda suka fitar da ƴar mujallarsu mai suna Spockanalia a 1967. Da intanet ta zo sai abin ya bunƙasa: an buɗe FanFiction.Net a 1998, Wattpad a 2006, sa'an nan Archive of Our Own a 2009, taskar da ke ɗauke da miliyoyin labarai, wadda har ta sami lambar yabo ta Hugo a 2019. Marubutan ba su neman kuɗi da wannan aiki, yawancinsu kuwa da sunan aro suke rubutu.

Su masu yin sa suna kiran sa fanfik. Hausa ba ta riga ta tsayar masa da suna ba, don haka a nan za a kira shi labarin toho, domin yana fitowa ne daga kututturen wani labari, yana shan ruwa ta saiwoyinsa, amma ganyensa sabo ne. Labarin da aka ɗora a kansa kuma za a kira shi uwar labari.

Masana sun daɗe da lura da irin wannan aiki. Michel de Certeau, a 1980, ya kwatanta mai karatu da mafaraucin da ke farauta a dajin da ba nasa ba. Gérard Genette, cikin Palimpsestes na 1982, ya tsara hanyoyin da matani ke tasowa daga matani, har da sauya wanda ake kallon labari ta idonsa da sauya darajar taurari. Henry Jenkins kuwa, cikin Textual Poachers na 1992, ya lissafa hanyoyi 10 da masu kallo ke sake rubuta wasannin da suke so, biyu daga ciki su ne mai da hankali ga ƙananan taurari da juya tsarin nagari da mugu. Abin da ya rage shi ne a sauko daga wannan babban tsari zuwa ga jimla kanta.

3. Taurarin da ba a so iri biyu ne

Kafin a ci gaba dole a raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Akwai tauraron da aka ƙi domin ya cuci wani, akwai kuma wanda aka ƙi domin mai ba da labari ya yi masa dariya.

Misalin na farko shi ne Dudley Dursley, cikin littattafai 7 na Harry Potter da J. K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007. Dudley ɗan yayar mahaifiyar Harry ne, sa'ansa kuma. A gidan iyayensa aka riƙe Harry maraya, aka kwantar da shi a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene har ya kusa shekara 11, shi kuwa Dudley yana da ɗaki biyu, yana dukan Harry, yana hana yaran makaranta yin abota da shi. A nan akwai laifi, akwai kuma wanda aka yi wa laifin.

Misali na biyu ita ce Mary Bennet, cikin Pride and Prejudice na Jane Austen, 1813. Ita ce ta tsakiya cikin ƴaƴa mata 5, ita ce kuma ba a ba kyau ba. Tana yawan karatu, tana jefa wa'azi inda ba a nema ba, a wani taron rawa kuma ta yi ta waƙa har mahaifinta ya dakatar da ita gaban jama'a. Mary ba ta cuci kowa ba. Gundura kawai take jawowa. Saboda haka littattafan da aka rubuta a kanta, irin su The Independence of Miss Mary Bennet na Colleen McCullough, 2008, da The Other Bennet Sister na Janice Hadlow, 2020, da tarin labaran toho marasa adadi, ba su da wata tuba da za su nuna a gare ta. Wanda ake tuhuma a cikinsu shi ne gidan da ya yi banza da ita, da mai karatun da ya taya dariya.

Wannan kashi na biyu yana da dangi cikin manyan littattafai. Jean Rhys, cikin Wide Sargasso Sea na 1966, ta ɗauki mahaukaciyar matar da aka kulle a saman bene cikin Jane Eyre na 1847, ta ba ta ƙuruciya da murya. Kamel Daoud na Aljeriya, cikin Meursault, contre-enquête na 2013, ya raɗa wa Balaraben da aka kashe ba suna cikin L'Étranger na Camus suna Musa, ya sa ƙanensa ya ba da labari. Duk waɗannan ɗaukaka ƙara ce a kan hukuncin uwar labari. Wahalar gaskiya tana ga kashi na farko, inda laifi ya tabbata, kuma a kansa sauran wannan takarda za ta tsaya.

4. Dabaru uku na nahawu

Yawancin labaran da ake magana a kansu da Ingilishi aka rubuta su, amma dabarun da ke cikinsu kowane harshe yana da kwatankwacinsu. Misalan da ke ƙasa an ƙirƙire su ne da Hausa domin bayani, ba a ɗauko su daga wani littafi ba.

4.1 Wanda ke gani

E. M. Forster, a 1927, ya raba taurari gida biyu: wanda aka gina bisa hali guda ba ya sauyawa, da wanda ke da fuska da yawa har yakan ba mai karatu mamaki. Bahaushe ya riga ya san na farkon, shi ya sa ya ce hali zanen dutse. Ga mai nazarin harshe, bambancin nan yana bayyana ne cikin irin aikatau da ake jingina wa kowannensu. Ƙaramin tauraron da ba a so, aikatau na gaɓɓai ake ba shi: ya ci, ya ƙwace, ya doka, ya yi ihu. Babban tauraro kuwa shi ke da aikatau na zuci: ya ji, ya tuna, ya zata, ya yi shakka. Da yake kusan dukan labarin Harry Potter ta idon Harry ake ganinsa, Dudley ba ya da ciki, sai waje.

(1a) Dudley ya ture shi, ya yi dariya.
(1b) Dudley ya ture shi, ya ji abokansa sun yi shewa, ya tuna yadda babansa ke kallonsa in ya yi sanyi, sai shi ma ya yi dariya.

Aikin da aka yi ɗaya ne cikin jimlolin biyu. Amma a (1b) mai karatu ya riga ya shiga cikin yaron, kuma da wuya mutum ya zauna cikin zuciyar wani na tsawon shafi goma bai fara tausaya masa ba. Wannan dabara ita ce farkon kowane labarin gyaran hali, ba ta kuma da aibi a kanta. Haɗarinta shi ne, idon da ya koma ga mai laifi ya bar wanda aka cuta, sai Harry ya zama shi ne mai waje ba ciki.

4.2 Wanda ke aikatawa

Dabara ta biyu ta shafi aikau. Hausa tana da matakai bayyanannu na janye mai aiki daga aikinsa:

(2a) Ta fasa tulu.
(2b) An sa ta fasa tulu.
(2c) An fasa tulu.
(2d) Tulu ya fashe.

A (2a) akwai mai laifi. A (2b) tana nan, amma an ɗora wani a bayanta. A (2c) an san da mai aiki, an ɓoye shi. A (2d) babu kowa, tulu ne ya sami kansa cikin wani hali. Ingilishi da Faransanci su ma suna da hanyoyinsu na yin haka. In aka karanta labarin gyaran hali da alƙalami a hannu, aka ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta ambaci tsohon laifi, nan da nan za a ga matakin da marubuci ya zaɓa. Labari mai rauni yakan fara daga (2b): iyaye ne suka sangarta shi, gida ne ya koya masa. Kafin a kai tsakiya ya gangara (2d), ana cewa abubuwa sun faru a gidan nan, ƙuruciya ta yi wa kowa wuya. Labari mai ƙarfi yakan yi amfani da (2b) domin a fahimci asalin hali, amma tilas ya kai tauraron inda zai furta (2a) da bakinsa, da wakilin suna na mutum na farko.

Ita kanta Rowling ta nuna wannan ga Percy Weasley, wanda ya juya wa iyayensa baya cikin littafi na 5 saboda kwaɗayin muƙami, ya komo cikin na 7 ya amsa wautarsa a gaban ƴan'uwansa. Wurin gajere ne, amma yana da nauyi domin Percy ne aikau cikin jimlar da ta ambaci laifinsa.

4.3 Lokacin aikatau

Dabara ta uku ita ce mafi ɓoyuwa. Genette, cikin Figures III na 1972, ya bambanta faɗin abin da ya faru sau ɗaya da faɗin abin da ke maimaituwa. A Hausa wannan shi ne bambancin shuɗaɗɗen lokaci da lokaci na sabo:

(3a) Yakan doke shi.
(3b) Ya taɓa dukansa.

Zaluncin Dudley cikin uwar labari na (3a) ne, al'adar shekara goma ce. Labarin toho mai son sauƙi yakan mai da shi (3b), ko kuwa ya dunƙule shekarun goma cikin rabin jimla, sa'an nan ya shimfiɗa daren nadama ɗaya a shafi ashirin. Mai karatu yana auna nauyin abu ne da yawan filin da aka ba shi, don haka sai nadamar ta rinjayi laifin ba tare da an musanta laifin ba ko sau ɗaya. Akasin haka shi ne inda gyaran ma ya zo cikin lokaci na sabo: yakan je, yakan tambaya, yakan haƙura in an ƙi amsa masa. Hali da aka gina da maimaici, da maimaici ake rushe shi.

5. Tuba, uzuri da wanki

Kalmar da masu wannan aiki ke amfani da ita a Ingilishi da Faransanci asalinta sayen bawa ne domin a ƴanta shi, wadda ta yi daidai da fansa a Hausa. Amma fansa ba ta dace a nan ba, domin a bakin Bahaushe na yau ɗaukar fansa ramuwa ce, kuma wanda aka fansa ba shi ya yi aikin ba, wani ne ya biya. Kalmar da ta dace ita ce tuba, tsarinta a jimla kuwa yana koyar da abu muhimmi. Tuba aikatau ne ƙi-karɓau, mai laifi ne aikau nasa: ya tuba. Yafewa kuwa aikau nata wanda aka cuta ne: ya yafe masa. Ayyuka biyu ne na mutum biyu, ɗaya ba ya yi wa ɗaya nasa. Duk mai jin Hausa ya kuma san tuba ba ta cika sai da barin laifi, da nadama, da niyyar rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga mai shi.

Bisa ga wannan ana iya kasa labaran gida uku. Akwai na wanki, inda ake nuna tun farko ba a fahimci tauraron ba ne, laifin ma bai kai yadda aka faɗa ba. Akwai na uzuri, inda laifin yana nan amma an juye shi kan iyaye ko zamani. Akwai na tuba, inda laifin ya zauna da nauyinsa, tauraron ya ɗauka, wanda aka cuta kuma ya riƙe ikonsa na ya yafe ko ya ƙi.

Dudley ya dace da kashi na uku domin uwar labari ta bar ƙofa a buɗe. Cikin littafi na 5, na 2003, Harry ya cece shi daga wasu dodanni masu tsotse farin cikin mutum. Cikin na 7 Harry ya taka wani kofin shayi mai sanyi a bakin ƙofar ɗakinsa, ya zaci tarko ne, daga baya ya gane mai yiwuwa kyauta ce daga Dudley. Da za su rabu kuma Dudley ya miƙa masa hannu. Iyakar abin ke nan, kofi ɗaya da musafaha ɗaya. Daga wannan ɗan tsagi masu labarin toho suka fitar da wani zubi da ya yaɗu ƙwarai: Dudley ya girma, ya haifi ƴa, sai ga alamun sihiri a jikinta, ba shi kuwa da wanda zai nufa sai Harry.

Zubin nan yana da kyau domin ya mai da Dudley daidai inda mahaifiyarsa Petunia ta tsaya a da. Ita ma ƙanwarta ce aka kira makarantar masu sihiri, ta rubuta takarda ta roƙi a ɗauke ta, aka ƙi, hassadar kuwa ta bi ta har ta sauke ta kan maraya. Yanzu ɗanta ne a gaban yarinya mai irin wannan baiwa, zaɓi kuma nasa ne. Gyaran hali ya zama aiki na kullum, ana ganinsa cikin yadda yake riƙon ƴarsa. To amma zubin yana da rami. Mutumin da bai nemi ɗan'uwansa ba sai da bukata ta kama shi, ba a raba tubarsa da tuban muzuru sai marubuci ya yi aiki. Labaran da suka fi inganci su ne waɗanda suka bar wannan zargi ya fito daga bakin wani cikin labarin, suka sa Harry ya taimaki yarinyar amma ya jinkirta yafe wa ubanta. Waɗanda suka faɗi kuwa su ne inda Harry ya rungume shi tun shafin farko, domin a nan marubuci ne ya yafe a madadin wanda aka cuta, watau ya ƙwace aikau na jimlar.

6. Inda laifin ke komawa

Akwai wata matsala da ko labari mai kyau da wuya ya kauce mata. A. J. Greimas, a 1966, bisa sawun Vladimir Propp, ya nuna labari yana da gurabe tsayayyu, ɗaya daga ciki na mai hana ruwa gudu ne. In an fitar da tauraro daga wannan gurbi, gurbin ba ya zama wofi, wani ake turawa ciki. Domin Dudley ya yi fari sai a ƙara wa mahaifinsa Vernon baƙi. Domin Draco Malfoy, abokin gabar Harry a makaranta, ya zama abin tausayi, sai a mai da mahaifinsa Lucius azzalumin uba fiye da yadda littattafan suka nuna. In kuma ana so a haɗa Draco da Hermione, sai a mai da Ron, wanda ta aura cikin uwar labari, sakarai ko mugu. Ko Mary Bennet ba ta tashi sai an ƙara wa mahaifiyarta rashin tausayi. Labarin da ya fito domin ya ƙi a taƙaita mutum cikin hali guda, sai ga shi ya yi wa wani abin da ya hana a yi wa nasa. Laifi tudu ne.

Haka nan kuma, rabon tausayin ba daidai yake ba. Draco, wanda finafinan 2001 zuwa 2011 suka nuna a matsayin kyakkyawan saurayi ɗan masu dukiya, ya sami labaran gyaran hali da suka ninka na Dudley nesa ba kusa ba, ko da yake laifinsa ya fi girma, tun da ya buɗe wa maƙiya hanyar shiga makaranta cikin littafi na 6. Rowling da kanta ta nuna damuwa, cikin wani rubutu na 2014, da yadda ƴanmata ke sha'awarsa. Dudley kuwa mai ƙiba ne, uwar labari ta kuma mai da ƙibarsa abin dariya. Peter Pettigrew, matsoracin da ya ci amanar iyayen Harry, da Dolores Umbridge, azzalumar malama, ba safai ake nemo musu hanyar dawowa ba. Ashe sau da yawa abin da ke zaɓen wanda za a gyara ba girman laifi ba ne, kyan fuska ne da daraja. Wannan shi ne babban abin suka ga wannan nau'i na rubutu, kuma shi ya sa labarin da ya ɗauki Dudley ko Petunia ya fi cancantar kulawar mai nazari, domin marubucinsa ba ya da jarin da zai jawo mai karatu sai aikin da ya yi cikin jimla.

7. Abin da ya shafi aikin yaƙi da jahilci

Tambayar da ke gaban masu tsara karatun manya kullum ita ce, me wanda ya koyi karatu zai karanta, me kuma zai rubuta, domin kada abin da ya koya ya zube. Labarin toho yana da darasi a nan. Abin da ya sa mutanen da ba su taɓa wallafa komai ba suka iya rubuta dogayen labarai shi ne, ba su fara daga fili ba: taurari suna nan, wuri yana nan, mai karatu ya san su. Aikin sabon marubuci ya ragu zuwa abu ɗaya, ya sauya ido.

Hausa tana da irin wannan kututture cikin tatsuniya. Kowa ya san ƴar bora da aka tura ruwan Bagaja, ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, ta komo da arziki. Ya kuma san ƴar mowa da uwarta ta tura bayanta, ta yi rashin kunya, ta komo da wahala. Ƴar mowa ita ce cikakkiyar ƙaramar tauraruwa da ba a so: aikatau na gaɓɓai kaɗai gare ta, tatsuniya kuma takan ƙare da ita cikin kunya. In aka ce wa ɗalibi a cibiyar karatu ta Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya rubuta abin da ya faru da ita washegari, an ba shi aikin da zai tilasta masa sarrafa wakilan suna, da maganar wani cikin tasa, da bambancin ya da yakan, ba tare da an ambaci nahawu ba. Marubutan Hausa na yau da ke sakin labaransu kashi-kashi ta Wattpad da WhatsApp sun nuna cewa masu son rubutu da karatu cikin harshen suna da yawa.

Sai dai malamin da zai duba irin wannan aiki yana bukatar ma'auni, domin hanya mafi sauƙi ga ɗalibi ita ce ya juye komai kan mowa, ko ya mai da ƴar bora makira. Tambayoyi uku sun isa. Shin ƴar bora tana da ciki har yanzu cikin sabon labarin? Shin akwai jimlar da ƴar mowa ta ce ni na yi? Shin gyaran nata ya zo da takan, ko kuwa da ta taɓa? Ga masu aikin ƙamus da tsayar da kalmomin nazari kuma, ana ba da shawarar a riƙe tuba, uzuri da wanki a matsayin kalmomi uku dabam, a bar fansa a ma'anarta ta asali.

8. Kammalawa

An nuna cewa taurarin da ba a so iri biyu ne, kuma batun tuba ya shafi wanda ya cuci wani ne kaɗai. An nuna dabaru uku da marubucin labarin toho ke aiki da su, da yadda kowace ke iya zama hanyar fahimta ko hanyar ɓoye laifi. Darajar wannan nau'i ita ce ya ƙi yarda cewa hali zanen dutse ne, ya kuma koya wa mai karatu tambayar wa aka hana magana cikin labari. Rauninsa shi ne yakan sayi tausayin wani da haƙƙin wani, yakan kuma fifita mai kyan fuska. Labarin da ya tsira daga wannan rauni shi ne wanda, bayan ya buɗe zuciyar mai laifi, ya bar laifin da girmansa, ya bar yafewa a hannun mai ita.